Kan Jirgi Uku da Albasar Rabo

Jama'a, ranar Talatar da ta wuce na fita neman gazuwal, wato man dizal, na dawo gida da hula. Ba hular kirki ba ma, irin mai baki ɗin nan ta 'yan ƙwallo, an rubuta mata a goshi: "Mu Yi Tsimin Mai." Jarkata kuwa yadda na fita da ita haka na komo da ita, in ka ƙwanƙwasa ta sai ta amsa maka. Uwargidana Kulu ta dubi jarkar, ta dubi hular, ta tambaye ni ko hular ake zuba wa injin yanzu. Ga wanda bai san ni ba, ni ne Labo mai injin niƙa a bakin kasuwar Tsarnawa. Shekara ashirin da shida ina shaƙar hayaƙin gazuwal, don haka in ana zancen abin da inji ke sha, ni ba a lakwal, wato makarantar boko, na koya ba, a jikina na ji.

Tun da sassafe muke layi a gidan mai na kan babbar hanya, masu injin ban-ruwa, da masu niƙa, da direbobin manyan motoci da suka yi shimfiɗa a ƙarƙashin motocinsu. Kwana huɗu ke nan gazuwal yana wasan ɓuya da mu. Mai ba da man ya ce akwai, amma an ce ya dakata, ana jiran baƙi. Wajen ƙarfe tara baƙin suka iso: farar mota goma sha huɗu, masu baƙin gilashi, kowace da mutum ɗaya tal a baya yana duba waya. Suka wuce mu ɗaya bayan ɗaya, suka sha suka ƙoshi. Mu kuma da yake an yi mana tarbiyya, muka ja jarkokinmu gefe don kada su ɓata wa manya gani.

A gabana a layin akwai maƙwabcina Rabo, manomin albasa, sa'ana ne, tare muka yi kiwon awaki muna yara. Bari in ɗan tsaya in ba ku labarinsa, don in ba ku san shi ba, ba za ku gane abin da ya faru daga baya ba. Shekara tara ke nan da wasu mutane masu hular kwano suka sauka a fadamarmu da abin hange mai ƙafa uku. Suka auna, suka rubuta, suka kakkafa turakun siminti masu jan kai, suka ce nan layin dogo zai bi. Da yake jirgin ƙasa ba ya son hawa tudu, sai suka bi fadamar a tsaye, daga kanta har gindinta, daidai inda ruwa ya fi kusa. Suka ƙara da filin tasha, da filin ɗakunan ajiya, da wani ƙaton fili da suka ce na "ko da an buƙata" ne. Aka kafa doka: tsakanin turke da turke ba shuka, ba dashe. Wani da ya yi taurin kai ya dasa a shekara ta biyu, aka zo aka tuge masa tas, ya kuma yini a buro, ofishin hukuma, yana ba da haƙuri. Tun daga ranar kowa ya shiga taitayinsa. Kashi biyu cikin uku na garkar da Rabo ya gada a wurin mahaifinsa yana tsakanin turakun nan. Dogo kuwa ko ƙusa ɗaya ba mu gani ba. Awaki ke kiwo a wurin, kuma zuwa yanzu su kaɗai suka ci moriyar aikin.

Rabo yana da wata ɗabi'a da na sha yi masa faɗa a kanta. Kowace shekara, da damina ta ɗauke, sai ya yafa irin albasa wanda zai ishi garkar duka, har da inda aka hana, wai ko Allah zai sa a ce a dasa. Irin ya fito kore shar, ya kai dashe, ya dasa ɗan abin da ya rage masa, sauran ya raba wa mutane ko ya bar wa awaki. Shekara tara yana wannan wauta, bana ma ya yi.

"Labo," in ji shi, yana zaune a kan jarkarsa, "irin ga kwana arba'in garai yau. In yaƙ ƙara kwana goma ya tsuhwa, ko an dasa ba shi yin kai. In ban dasa garkag ga ba bana, na gama da noma."

"Kullum hakanan kaka cewa."

"A'a, bana daban ta. Dillali ya zo ya ga injin ban-ruwa. Ƙanen Sakina ya samo mani aikin gadi can birni, gidan wani mai kuɗɗi. Buɗe ƙohwa, ruhe ƙohwa."

Sakina matarsa ce. Na dube shi, mutum mai shekara sittin da ɗaya, wanda in ya murza ƙasa a hannu zai gaya maka kwana nawa rabonta da ruwa, wai shi ne zai koma yana sara wa mota a bakin ƙofar wani. Raina ya ɓaci ƙwarai, ban dai nuna masa ba.

Muna cikin haka sai ga wani mai kati rataye a wuya yana bin layi yana duban fuskoki kamar mai zaɓen ragon layya. Ya ce ana babban taron ƙara wa juna sani a Konni, kuma takardar taron ta ce dole a samu "wakilan al'umma" guda biyu, ga shi an manta ba a gayyato su ba. Ya zaɓe ni saboda baƙin man da ke rigata, wai na yi kama da masani. Ya zaɓi Rabo saboda farin gemunsa zai yi kyau a hoto. Na tambaye shi taron mene ne. Ya ce na zaɓen kan jirgi ne, wato injin da zai ja taragun kaya a kan dogonmu. Za a duba wanda ya fi tsimin gazuwal a saya. Rabo na jin an ambaci dogo ya riga ni shiga motar mutumin. Muka bar jarkokinmu su riƙe mana layi.

Masu karatu, in kuna son ganin yadda ake tsimin mai, ku nemi irin wannan taro. A waje wani ƙaton janareto yana ruri don a sanyaya ɗakin, sanyin da ya sa har wasu suka ce a rage, aka ce ba a san inda ake ragewa ba, sai aka buɗe taga. Motocin nan goma sha huɗu kuwa ba wadda aka kashe, duk suna tsaye a inuwa suna gurnani, don kada manya su fito su tarar da kujera ta yi ɗumi. Ni da na saba da muryar inji, ina zaune ina jin kowace lita tana wucewa ta kunnena. Aka ba mu hulunanmu, aka zaunar da mu a baya kusa da ƙofa, inda mai hoto zai same mu ba tare da mun dami kowa ba.

Shugaban taron shi ne Mai Girma Uban Almakashi, bawan Allah da ya yanke ƙyallen buɗe ayyuka masu yawa, har da 'yan kaɗan da aka gina. A damansa akwai Mai Girma Magajin Kujera, wanda ke tafa masa da hannu bibbiyu yana auna faɗin kujerar da ido. Uban Almakashi ya yi jawabi na awa guda da kwata a kan illar almubazzaranci. Ya ce kowane ɗigon mai amana ne. Ya ce talaka ya rage yawon banza da babur. Har muryarsa ta yi rawa. Allah ya saka masa, ni kaina sai da na ji kunyar duk ranar da na taɓa barin injina yana aiki na je fitsari.

Sannan aka kira wata injiniya, Madam Nasiba, mace mai gajeren bayani, kuma duk ɗakin ita kaɗai na ga alamar ta taɓa riƙe sifana. Ta haska hotuna uku a bango. Ba zan wahalar da ku da sunayensu ba, lambobi ne da haruffa. Mu dai da launi muka riƙe su: Ja, Shuɗi, da Ɗorawa. Ja ƙato ne, sabo fil, shi ya fi tsada, kuma kwamfuta ke tuƙa cikinsa, in ya yi tari sai an ɗauko masa bokansa a jirgin sama. Shuɗi matsakaici ne. Ɗorawa ƙarami ne, tsohon hannu da aka sake wa ciki, wanda ta ce duk makanikin da ya iya babbar mota zai iya lallaɓa shi. Ta ce in za a ja kaya tan dubu tsawon kilomita ɗaya, Ja zai sha lita uku, Shuɗi huɗu, Ɗorawa biyar. Ɗaki ya ɗauki tafi, Uban Almakashi yana murmushi sai ka ce shi ya ƙera Jan.

"Amma fa," in ji Madam Nasiba, "wannan lissafin sai in an cika masa taragu. In Ja bai samu kaya ba, nauyin kansa zai yi ta ja, yana shan mai a banza. In kayan suka yi ƙasa, aka haɗa da tsadar sayensa da ta gyaransa, ƙaramin nan ya fi shi nesa ba kusa ba."

Ba wanda ya tafa wa wannan sai ni. Ai ni na san zancen. In ka tada babban injin niƙa don tiya ɗaya ta gero, abin da zai sha bai da wani bambanci da na rabin buhu. Shi ya sa nake sa mata su jira a taru, su kuwa su yi ta zagina a bayan idona, wani lokacin ma a gabansa.

Da aka tashi cin abinci ba a sa mu a teburin manya ba, sai muka ci da direbobi, kuma duk wanda ya ci da direbobi ya karanta jaridar da ba a bugawa. A nan na ji cewa masu ƙera Ja sun gayyaci kwamitin ziyarar gani da ido ta mako uku a ƙasarsu, wadda ke bakin teku, kuma Uban Almakashi har ya sa an ɗinka masa rigar sanyi. Magajin Kujera kuwa Shuɗi yake so, don a ƙasar da ake ƙera shi ake yi masa gyaran haƙora. Ɗorawa dai maraya ne a ɗakin. Inda ake gyara shi ba nisa, da mota ake zuwa, a kwana ɗaya a dawo, kuma an ce abincin wurin tuwo ne irin namu.

Bayan azahar aka koma. Ɓangaren Ja da ɓangaren Shuɗi suka yi ta jifan juna da lambobi da Faransanci. Wani ya ce ƙahon Ja ana jin sa daga kilomita biyar, abin da zai ɗaga darajar yankinmu. Wani ya ce Shuɗi ba ya nuna dauɗa. Wani dattijo da ya farka daga barci ya ba da shawarar a kafa ƙaramin kwamiti, aka tambaye shi na mene ne, ya ce wannan shi ne aikin farko da kwamitin zai duba. Da kowa ya gaji, sai mai katin nan ya tuna takarda ta ce a ji ta bakin al'umma, minti biyu-biyu. Aka miƙo mini abin magana.

"Ranka shi daɗe," na ce, "mu nan ba mu sayen inji ga hoto. Kwalba muka samu, mu zuba lita guda, mu ɗaura zare daidai bakin mai, mu tada inji shi yi aiki, mu ga inda mai yat tsaya. Ku kawo su ukun, a ba kowane jarka guda, a aza masu kaya, su tashi tare. Wanda yar riga tsayawa, shi na mashayi."

Uban Almakashi ya yi dariya har da share hawaye. "Bon. Malam, ka yi magana mai daɗi irin ta mutanen karkara. To a kan me za su yi gudun? Kai ka ga dogo a nan?"

Shekara tara, wannan ne karo na farko da na ji wani babba ya faɗi haka da bakinsa. Shi ma da ya ji abin da ya fito, sai ya kurɓi ruwa, ya ce kada mai rubutu ya rubuta wannan.

Rabo bai ma karɓi abin maganar ba. Tun ɗazu idonsa na kan wata taswira da Madam Nasiba ta bari a bango, mai nuna inda kayan jirgin za su fito: siminti a nan, wake a can, shanu a can, sannan wani dogon zane kore da ya bi fadamarmu. Ya tashi ya taka har gaban manya, hular tsimin mai a karkace a kansa, ya ɗora yatsa, ya dubi Madam Nasiba.

"Ɗiyata, wanga koren mi na?"

"Albasa ce, Baba. Ita ce mafi yawan kayan da jirgin zai ɗauka."

"Wa yaƙ ƙidaya ta?"

"Daga rajistar gonaki aka ɗauko. An auna faɗin fadamar, aka ninka da abin da kowace eka ke bayarwa."

"Rajistar wace shekara?"

Ta duba takardunta. "Ta shekara goma sha ɗaya da suka wuce."

"To nan inda yatsana yake, garkata ta. Ga rijiya nan, ga mangwaro nan. Shekara tara ba ta ba da albasa ba, ko ta miya. Nan ta Awal ta. Nan ta magadan Takama ta. Hak ƙasa can, duk turaku na da awaki. Ɗiyata, jirginku ya canye albasad da za shi ɗauka tun bai zo ba."

Madam Nasiba, Allah ya yi mata albarka, ba ta yi musu ba. Ta tambaye shi faɗin turakun, ya gaya mata da taku. Ta tambaye shi tsawonsu, ya jero mata garuruwa. Ta zauna ta yi ta danna na'urarta, ɗaki yana jira, ba ka jin komai sai janareto. Sannan ta miƙe.

"Mai Girma, in aka cire filin da aka killace, kayan sun ragu da kashi ɗaya cikin uku. Ja ba zai cika ba, Shuɗi ma haka. A wannan lissafin, Ɗorawa ne ya ci."

Wallahi na ga rigar sanyi tana ficewa daga idon Uban Almakashi. Magajin Kujera ya kai hannu ya dafe kunci, haƙorin ya motsa. Mutanen da tun safe ba sa ga maciji da juna suka haɗa kai suna raɗa. Daga baya direbobi sun ce a cikin raɗar nan ne aka gano ashe ƙasar bakin teku ma tana da likitan haƙori.

"Bon," in ji Uban Almakashi. "Madam, me za a yi lissafin ya koma yadda yake?"

"Sai albasar ta koma, Mai Girma."

"To ta koma mana! Wa ya hana ta?"

Rabo ya ce, "Ku na, ranka shi daɗe."

"Mu? A'a, Malam, kada ka haɗa mu. Mu kwamitin kan jirgi ne. Masu turaku wani kwamiti ne daban, kuma wannan an rushe shi shekara shida da suka wuce. Ba a aiko muku da takarda ba?"

Ba a aiko mana ba. Na dubi Rabo. Ashe shekara shida cur muna tsoron dokar da mai ita ya daɗe da tattara kayansa. Shekara shida Rabo yana raba wa awaki irinsa. A wannan wurin ban ga abin dariya ba, kuma har yanzu da nake rubutu ban gani ba.

Madam Nasiba ta ɗaga hannu. "Amma Mai Girma, ranar da aka shimfiɗa dogon, filin zai sake fita daga noma. Kayan su sake raguwa, Ja ya koma yana jan iska."

Ya dube ta ta saman tabarau, da tausayi irin na uba. "Madam, ranar da aka shimfiɗa dogo, ni da ke duk mun yi ritaya. Wannan matsalar wani kwamiti ce."

Nan take aka buga takarda da hatimi har biyu. An umurci duk mai fili tsakanin turaku ya dasa albasa bana ba tare da ɓata lokaci ba, domin kare nauyin kayan jirgi, kuma wanda ya bar filinsa haka nan za a ɗauke shi mai yi wa sufuri zagon ƙasa. Da safe laifi ne ka dasa, da la'asar laifi ne ka ƙi. Aka kaɗa ƙuri'a, Ja ya ci ba hamayya. Aka yi hoto da Rabo a tsakiya, Uban Almakashi ya dafa kafaɗarsa ya kira shi manomi mai kishin ƙididdiga. Ni kuwa Madam Nasiba ta ba ni kwafin takardarta mai layi uku, kowane kan jirgi da layinsa, ta ce tunda ni kaɗai na tafa a inda ya dace.

Motar da ta kawo mu aka ce izinin kawowa kaɗai gare ta, don haka taksin daji muka jira. Duk hanya hannun Rabo na kan aljihun da ya sa takardar. Sau uku yana ciro ta ya sa in sake karanta masa.

"Labo, gobe in Allah ya so ruwa za shi kwana cikin fangali. Ka gamu da dillalin nan ka ce mashi shi nemi wani inji."

Rana ta yi sanyi muka iso gidan mai. Jarkokinmu na nan, sun riƙe amana, har sun kai gaban famfo. Sai dai mai ba da man ya kifa kujerarsa a kan tebur. Ashe motocin nan goma sha huɗu sun riga mu biyowa, domin abin da suka sha da safe sun ƙone shi a tsaye a inuwa, ga kuma hanya mai nisa a gabansu. Ragowar an ɗiba wa janareto saboda liyafar rufe taro. Tankar mai kuwa sai bayan kwana goma sha biyu, in ba a samu wani taron a hanya ba. Masu kwalabe a bakin titi isansi, wato fetur, kaɗai gare su, injin Rabo kuma tsoho ne, gazuwal ya sani. Irinsa kwana goma ya rage masa.

Na buɗe baki in fara zagi, Rabo ya ɗauki jarkarsa ya rataya. "Rijiya tana nan," in ji shi. "Guga ma shina nan."

Washegari da sassafe, da yake injina a kashe yake, na bi shi garka. Na tarar da Sakina ta riƙe ƙugu a bakin rijiya.

"Malam, fangali ɗari da ashirin da guga? Da bayan ga naka da nika gasa ma da ruwan zahi?"

"Ubana da mi yay yi?"

"Ubanka ɗiya takwas garai cikin garka. Kai wa gare ka? Ni da Malam Labo, shi ko tumbi ɗai ya aje."

"Sakina, ina nan hwa, ina ji," na ce.

"Don ka ji nih hwaɗi." Ta ɗaure zanenta, ta fizge bokiti daga hannun mijinta. "Kawo nan. Gara bayanka shi karye cikin garkar ubanka da a ce mijina na can shina sara ma mota."

Yau kwana shida ke nan. Mun sassabe ƙayar shekara tara, awaki suna tsaye a gefe suna kallonmu da idon waɗanda aka ƙwace wa gado. Igiyar guga a jikin turken siminti muka ɗaure ta, kuma dole in yaba wa masu hular kwano, turke ne mai ƙwari, ko gezau bai yi ba. Gugan ya huje a rana ta biyu, muka toshe shi da hular tsimin mai, tana kuwa tsimin ruwa yadda ya kamata. Fangali saba'in da huɗu sun sha dashe, na farkon har sun miƙe. Awal da magadan Takama su ma suna nasu a ƙasa da mu, duk da guga. Dillali ya leƙo shekaranjiya, Sakina ta ce masa in ba bokiti zai ɗauka ba ya ba su wuri. Rabo ba ya iya miƙewa sai ya dafa gwiwa, tafin hannunsa duk ya fashe, amma jiya na ji shi yana waƙa a ƙasan maƙoshi, abin da rabona da ji tun kafin turaku. Na yi murna, na kuma ji haushi, duka a lokaci ɗaya, don bai kamata a ce sai da rigar sanyin wani ta shiga haɗari aka tuna da shi ba.

Ɗazu da muka zauna shan fura a gindin mangwaro, na ciro takardar Madam Nasiba mai layi uku, na ja layi na huɗu da fensir. Suna: Rabo. Shekarar ƙira: sittin da ɗaya da suka wuce. Abin da yake sha: ludayi shida na fura, gazuwal ko ɗigo. Kayan da yake ja: duk albasar da Ja ya ci zaɓe da ita. Kayan gyara: babu, in ya lalace shi ke nan.

Na ji an ce kwamiti zai tashi zuwa bakin teku ran Asabar, Allah ya kai su lafiya. In sun dawo suna da sauran sha'awar ganin injin da ya fi kowane tsimin mai, yana nan bayan Tsarnawa, daidai turke na goma sha bakwai. Ba sai Mai Girma ya zo da rigar sanyi ba. Ya dai zo da bokiti.